Na yi wa falona koren fenti, ya fito kamar miyar kuka

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara, kwana uku ke nan raina a jagule. Tun ina gida Kano nake son kore. Ko ankon bikina kore na ce a fitar, Yaya ta hana, wai zai dusashe ni a hoto. To da muka bar ɗaki ɗaya muka kama fulat a nan Agege, sai na ce wannan karon ba mai hana ni. Wata biyar ina zubin adashi, ranar da na kwasa na sayi bokiti biyu masu lita 20. Kalar da na nuna wa mai fentin a waya kore ce mai sanyi, irin bayan ganyen zogale, da ɗan toka-toka. Shi ya haɗa da hannunsa. Da ya bushe, wallahi miyar kuka sak. Ga kujeruna ja ne mai duhu, na kayan ɗakina, Baba ya saya min kafin ya rasu, ba zan rabu da su ba. Kuma Hajiyar maigidan za ta zo nan da sati biyu. Labule zan canza ko yaya?

Ummu Sadik: Wa alaikumus salam. Taga nawa ne a falon? Kuma a sama kike ko ƙasa?

Hajiya Babba: Ke 'yar nan, shekarata 26 a Ikko, gida huɗu na zauna daga Obalende zuwa Idi-Araba. Ba a shafa wa bango huɗu kore mai duhu, ɗakin matsewa yake yi. Ki bar bango ɗaya, wanda talabijin yake, sauran ukun a mayar ruwan madara. Kuma wane fenti ne? In emolshan ne, wato mara sheƙin nan, kuma ƙasan bene kike, ki jira ruwan Yuni da Yuli. Danshi zai taso daga gindin bango, fentin ya kumbura ya riƙa zuba kamar garin tuwo. Fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin ake sa wa, ko yaro ya ɓata bangon, ana iya gogewa da tsumma da ruwa.

Maman Hanif: Hajiya na gode, amma ruwan madara fa shi na gudo. Kowane gida ka shiga a layinmu shi ne. Kuma mai fentin ba baƙo ba ne, shi ya yi wa maƙwabciyata, nata ya yi kyau.

Anti Rabi: Kin dai tambayi mai gidan hayar ko? Ni a Mile 12 shuɗi kawai na yi wa ɗakin yara, ranar tashi mutumin nan ya riƙe kuɗin ajiyata kaf, wai sai na mayar masa da fari. Bangon da na tarar duk tsaga, ni na biya aka shafe. Allah ya isa ban yafe ba.

Zee: Anti kafin ki kashe ko sisi, ki duba ƙwan fitilarki. In mai haske ruwan ɗorawa ne, shi ke mayar da kore ya koma kalar ƙasa-ƙasa. Ki sa fari ki gani da daddare. Sai farin labule mara nauyi, akwai su a Yaba, da tukunyar fulawa biyu a kusurwa. Ja da kore suna tafiya in an raba su da fari.

Hajiya Babba: Farin labule a Agege? Da ƙurar titi da hayaƙin janareto? Sati biyu ya koma ruwan toka. Fulawa kuma gayyar sauro ce. Kore, fari, kore, sai ka ce ranar 1 ga Oktoba. Ku yaran yanzu komai sai abin da kuka gani a Instagram, can kuwa fitilu suke haskawa kafin su ɗauki hoton.

Maman Twins: Ni dai masu fentin nan ba na yarda da su. Nawa galan ɗaya mai lita 4 ya narka da ruwa har ya shafe ɗaki biyu, wata uku ana ganin tsohon fentin ta ƙasa. Ki ce ya dawo ya ƙara fari a ragowar, ya gwada a ɗan gefe, ki bari ya bushe tukuna.

Maman Hanif: Babu ragowa, har kicin na sa ya shafa. Kuma ni ba cewa na yi koren bai min ba, da safe in rana ta shigo yana da kyau sosai. Maigidan ne ya shigo jiya ya ce saura tuwo. Gindin bangon bayan kujera kam akwai ɗan baƙi-baƙi, amma tun kafin fentin yake.

Hajiya Babba: To ai shi nake faɗa miki! Fumfuna ce. A kankare, a bar wurin ya bushe, sannan a yi maganar kala.

Maman Hanif: Hajiya sati biyu fa na ce. Zee, labulen nan yadi nawa zai isa?

Ummu Sadik: Har yanzu ba ki ce taga nawa ba.