Malaman lissafi, ku taimaka mini da 4,294,967,297

Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Daura, kuma wata lamba ta hana ni barci: 4,294,967,297, wato a jera 2 sau 32 ana ninkawa, a ƙara 1.

Wani ɗalibina ne ya tambaye ni ko firam ce, irin lambar da ba mai raba ta sai 1 da ita kanta. Na tara alƙalumanta, 59 suka ba ni, ka ga 3 ba ta shiga. Na gwada 7, 11, 13, har biro ya ƙare. Kalkuletata ma alƙaluma takwas kawai take ɗauka.

Daga baya na gano masanin lissafi Fermat ya ɗauka firam ce, sai wani masanin, Euler, a 1732 ya nuna 641 × 6,700,417 ce. Na ninka da hannu, haka ne kuwa.

Ga inda na maƙale: an ce duk firam ɗin da zai raba ta, in ka cire masa 1, sai ya rabu da 64. Lallai 641 ya cika sharaɗin. To amma daga ina 64 ta fito? Don Allah a warware mini dalla-dalla, ranar Litinin yaron nan zai sake tsare ni.