Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar yabo: ya kuka yi a majami'arku?

Sakataren Matasa, Kaduna:
Salama gare ku 'yan'uwa. Wani abu ya faru a majami'armu ranar Lahadi, har yau Laraba yana yi mini yawo a kai, shi ya sa na kawo shi nan in ji ko ya taɓa faruwa da ku.

Sujadar Hausa ce ta ƙarfe bakwai. An kai lokacin baiko, wato lokacin da ake bin layi a kai kyautar kuɗi gaba, masu kiɗa sun ɗauka, layin mata ya taso yana rausaya, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Yaron da ke kula da janareta ya ruga ya ja igiya, inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ashe ba a sayi mai ba. Muka tsaya cak kamar an dasa mu, kowa da kuɗinsa a dunƙule a hannu. Mai ja mana waƙa tana ta buɗe baki a gaban makirfo, mu kuwa leɓe kawai muke gani.

Can daga kujerun Zumuntar Mata wata tsohuwa, wadda ban da gaisuwa ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga wata daɗaɗɗiyar waƙa. Ta kusa da ita ta jawo tulu daga ƙarƙashin benci ta fara buga bakinsa. Kafin amshi ya zagayo sau biyu, majami'a gaba ɗaya ta ɗauka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, rabon da in ji muryar mutumin da ke kusa da ni a cikin sujada har na manta. Ranar na ji tasa, na ji tawa. Baikon da muke gamawa cikin minti goma sai da ya kusan cin rabin awa, don wasu sun zagayo sau biyu.

To ku fa? Da lasifika ta mutu, me ya rage muku?

Maman Tagwaye, Jos:
Ɗana, ai mu wannan ba labari ba ne. Duk ranar da wuta ta tafi, mu ake waiwaya. Idan ta dawo kuma a ce waƙoƙinmu na ƙauye ne, a ba mu minti biyar a ce mu taƙaita.

Tulu ba ya shan fetur. Mace ɗaya ta zauna ta riƙe shi tsakanin ƙafafu, ta riƙa dukan bakinsa da soson katifa da aka ɗaure a jikin ɗan katako, sai ka ji yana fidda wannan gum, gum ɗin da ke shiga ƙirji. Wata ta ɗauki caki, wata kuge, wata ƙaramar ganga. Shi ke nan kayan aikinmu. Mai bayarwa ta ba da layi ɗaya, saura su amsa, ko baƙo ne kai kafin a yi uku ka iya.

Amma ba rawa kaɗai ba ce. Surukata, Allah ya ba ta hutawa, ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa ba, amma za ta ba ka labarin Yunusa, da na Rut, da na 'yan mata goma masu fitilu, tiryan-tiryan. A bakin tulu ta koye su. Yawancin waƙoƙinmu aya ce muke ɗaukowa mu sa mata murya. Kuma wanda ke ganin mata sun cika zaƙewa ya buɗe littafin Fitowa sura 15, ya ga wa ta ɗauki abin kiɗa bayan an haye teku. Maryamu ce, 'yar'uwar Haruna, mata suka bi ta da rawa.

Ɗan Kibod:
Mama, a yi mana afuwa, mu ma ba don holewa muke zuwa ba. Sau uku a mako nake fita gwaji bayan na taso daga shago, ba a taɓa ba ni ko kuɗin acaɓa ba.

Namu labarin bai yi daɗi kamar na Sakatare ba. Daren waƙoƙin Kirsimeti ne, majami'a ta cika har waje. Wuta ta tafi, ta tafi da majigin da ke haska kalmomi a bango. Baiti na farko kowa ya sani, aka rera shi da ƙarfi. Da aka shiga na biyu sai ka ji hmm hmm, kamar an saki ƙudan zuma. Matasa kusan ɗari, babu mai littafin waƙoƙi ko ɗaya. Tsofaffi biyar ko shida ne suka kai mu ƙarshe, mu 'yan gaba muna ta sunkuyar da kai. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Tun daga ranar, a kowace sujada sai na ɗaga wa mai ganga hannu mu tsaya cak a tsakiyar waƙa, mu bar jama'a su rera baiti ɗaya su kaɗai. Da farko sun ɗauka wani abu ne ya lalace. Yanzu wurin suka fi jira. Kuma na yarda, muna cika ƙara. Akwai wata kaka da ke zuwa da auduga a kunne saboda mu, na gani da idona.

Baba Mai Ritaya, Kafanchan:
'Ya'yana, jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa.

Abin ya ba ni dariya, domin a zamanin ƙuruciyata ganga ita ce baƙuwa a majami'a, ba wuta ba. Wuta kam ba mu san ta ba. Malamin makaranta ne ke tsayawa da ɗan tsinke yana koya mana do, re, mi, mu rera a tsaye ƙyam, hannu a gefe kamar sojoji. Ko kai ka kaɗa sai dattijo ya harare ka.

Ana yawan ɗora wa Turawan mishan laifin hana kiɗa, kuma suna da nasu kason. Amma ku ji wannan. Mahaifina makaɗi ne kafin ya tuba, shi ke kiɗa a wurin dodo da wurin shan burkutu. Da ya karɓi Yesu, da hannunsa ya fasa gangarsa. Ba Bature ne ya sa shi ba. Ya ce duk sa'ad da ya ji wannan sautin, ƙafarsa tana so ta koma inda ta fito. Don haka in kun ji an ce tsofaffi sun ƙi ganga, kada ku yi saurin cewa duhun kai ne. Sun san abin da suke gudu.

Waƙoƙin da aka juyo mana daga Turanci kuwa ina ƙaunarsu har gobe, amma gaskiya ɗaya ce: muryar ta wani harshe ce. Hausa tana da hawa da sauka, tana da gaɓa mai tsawo da gajera. Sai ka ji inda kalma take so ta sauka, waƙa ta ɗaga ta sama. Mun saba ne kawai. Da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai suka fara fita wa'azi a kasuwanni da ƙauyuka a shekarun 1960, da ganga da caki da waƙoƙin da aka haifa cikin Hausa, sai muka ga mutane suna barin abin da suke yi suna zuwa. Daga waje gangar ta lallaɓo ta shigo ciki. Ranar da aka fara buga ta a majami'armu wani dattijo ya ɗauki sandarsa ya fita. Mahaifina bai fita ba. Ya zauna, hawaye na zuba, yatsunsa suna buga benci. Bayan an tashi ya ce wa yaron da ya yi kiɗan, hannunka na hagu yana makara.

Sakataren Matasa, Kaduna:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wannan na yatsu a kan benci ya gama da ni.

Ɗiyar Mubi:
Ni tawa ba ɗaukewar wuta ba ce, amma ku bar ni in faɗa.

A ƙarshen Oktoban 2014 da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, mun bar gida da kayan jikinmu kawai. Lahadi ta same mu a daji, mu wajen ashirin, yawanci mata da yara. Wata mama ta ce a yi sujada. Ba a isa a ɗaga murya ba, ba tafi, ko tari mutum zai yi sai ya toshe baki da zane. Muka matso kai da kai muka rera a hankali, kusan numfashi ne kawai ke fita. Ƙanwata 'yar shekara shida tana ta motsa kafaɗa, don ita a saninta in ana wannan waƙar rawa ake yi. Babu wanda ya hana ta.

A Yola muka samu mafaka. Lahadin farko da na ji an saki ganga da ƙarfi, jikina rawa ya kama yi don tsoro, sai da na fita waje. Na ɗauki watanni kafin in iya shiga layin baiko. Ranar da na shiga kuwa na yi guɗar da ni kaina ban san ina da ita ba.

Mu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, tun muna yara ake gaya mana cewa sujadarmu ta farko a ƙarƙashin tsamiya aka yi ta a Garkida, a 1923. A da ina jin sa kamar tarihin da ake haddacewa don jarrabawa. Labarin Bulus da Sila ma, da suke waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, yanzu in ana karanta shi tambayar da nake yi ita ce, da wace irin murya suka rera, bayan dukan da suka sha?

Malamar Asibiti:
'Yar'uwa, Ubangiji ya ci gaba da warkar da ke.

Zan ɗan karkata, ku yi haƙuri. Wata biyu da rasuwar maigidana na koma sujada. Mai ja da yabo ya ce duk wanda bai tashi ya taka ba, bai san abin da Allah ya yi masa ba. Ya maimaita, yana nuno ɓangarenmu. Na tashi don kunya, ina jujjuya jiki, zuciyata kamar dutse. Na koma gida na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Makonni bayan haka aka ɗauke wuta, kuma ba a samu mai tulu ba, sai fasto ya ce a buɗe littafi a rera ɗaya daga cikin tsofaffin waƙoƙin nan masu tafiya a hankali. Ranar ce na fara yin sujada ta gaske tun da abin ya faru.

Ba na gāba da rawa, ni ma 'yar kwaya ce. Amma Bulus da ya ce a yi murna da masu murna, a cikin aya guda ya ce a yi kuka da masu kuka, Romawa 12:15. Zabura ma ba sura ta 150 mai kiɗa da rawa kaɗai ba ce. Ku karanta ta 88, har ta ƙare babu inda mai ita ya ce ya ji sauƙi, kuma waƙa ce, an ba mawaƙa su rera. Masu riƙe makirfo, ku riƙa tunawa a kowane benci akwai wanda da ƙyar ya iso.

Maman Tagwaye, Jos:
'Yata, wannan yaron bai kyauta ba. Mu in mun je gidan makoki ba ma fara buga komai sai mun zauna mun yi shiru da mai gida tukuna. Ita za ta nuna mana lokacin da za a ɗaga murya.

Yaron Katikis, Zariya:
Mu Katolika da gangan muke ɗauke namu. Duk tsawon lokacin azumin kafin Ista ba a rera Halleluya a Mas, wato sujadarmu. Ranar Alhamis Mai Tsarki ana kaɗa ƙararrawa lokacin waƙar ɗaukaka, daga nan ta yi shiru sai daren Ista. A daren kuma da duhu ake farawa, a hura wuta a waje, a kunna babban kyandir, kowa ya ɗiba daga na kusa da shi. Wata shekara an zo daidai inda za a kunna fitilu sai aka tarar babu wuta, janareta kuma yana wurin gyara. Fada ya ce a ci gaba. Da kyandir muka rera Halleluyar farko bayan sama da kwana arba'in, mata suna guɗa, kakin yana ɗiga a hannu ba mai ji. Abin da ka yi kewarsa daban yake da abin da kake ci kullum.

Mai Gyaran Waya:
Ku kuna ta na ruhaniya, ni nawa abin dariya ne. An ɗauke wuta, fasto ya ɗauka makirfonsa a mace yake, ya juya yana tambayar dattijo ko an ajiye masa shinkafar bikin jiya. Daidai nan wuta ta dawo. Har masu sayar da rake a bakin titi sun ji. Wata mama daga baya ta amsa da ƙarfi, an ajiye, Baba!

Sakataren Matasa, Kaduna:
Na gode ƙwarai, 'yan'uwa. Jiya Asabar mun zauna da kwamiti, na karanta musu na Baba da na Malama. An yi gardama sosai. Masu kiɗa sun ce ana so a mai da su baya ne, ma'aji kuma ya ce shi dai baikon ranar ya fi na kullum, don haka ko za a riƙa mantawa da sayen mai. A ƙarshe an tsaya a kan Lahadin farko ta kowane wata za a kashe lasifika lokacin baiko, Zumuntar Mata su ja mu. An kuma ce a fito da littattafan waƙoƙin da ke cikin kwali a ofis, a ga waɗanda gara ta bari.

Na je gaida tsohuwar da ta ɗaga waƙar. Ta ce ba wani abu ba ne, ƙafarta ce ta gaji da tsayuwa, ta ga in ba a yi waƙa ba layin ba zai motsa ba. Sai dai ta nuna mini tulun nasu ya tsage daga wuya, da roba suka ɗaure shi. Mama ta Jos, irin naku na ƙasa ne ko na ƙarfe, kuma nawa ake sayar da babba yanzu?