Neman kalmar Hausa: me za mu kira manhajar da ke nuna wa direba hanya?

Mai Shirin Direbobi:
Assalamu alaikum, malamai. Jibi Alhamis da ƙarfe 8 na dare shirinmu na direbobi a rediyo zai kwatanta Google Maps da Waze da waɗanda ke aiki ba data, irin su Organic Maps da OsmAnd. Dole in miƙa rubutun gobe kafin azahar, ga shi kalmomi huɗu sun tsaya mini. Ta farko sunan manhajar kanta, wadda ake cewa ta nabigeshan. Sai GPS. Sai taswirar da ake saukewa a waya don a yi aiki da ita inda babu sabis. Ta ƙarshe abin da manhajar ke yi idan direba ya wuce kwanar da ta ce ya shiga, ta fito masa da wata hanya. Masu saurarenmu direbobin tasha ne da masu Keke Napep da 'yan acaɓa na Katsina da kewaye. Ina son abin da za a ji sau ɗaya a gane.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Manhajar nuna hanya. GPS a bar shi yadda yake, a furta ji-fi-es. Taswirar ajiye. Sauya hanya. In kina son suna gajere, ga manuniya: ma- da nuna, ƙirar mabuɗi da ma'auni, sai aka mayar da ita tamata don ta dace da manhaja da waya da taswira, da yake duk “ta” ake ce musu.

Injiniya KT:
Hajiya, kafin a raɗa suna a raba abubuwa uku da mutane ke haɗawa su kira GPS gaba ɗaya. GPS taurarin ɗan'adam ne na Amurka, kimanin 30, suna can sama a nisan kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana. Waya saurare kawai take yi, ba ta aika musu komai. Da ta kama siginar huɗu sai ta lissafa inda take, a fili kuskuren bai cika wuce mita 5 ba. Wannan ba ya cin data ko kaɗan, ko babu layi a wayar zai yi. Abu na biyu taswira, wato zanen tituna da sunayensu, ita ce ke zuwa ta intanet in ba a sauke ta ba. Na uku manhajar, mai ɗora wurinka a kan taswirar ta lissafa hanya ta yi magana.

Idan kika kira dukansu da suna ɗaya, direba zai ci gaba da cewa “GPS ɗina ya ɗauke” da ya fita gari, alhali ɗigon nan shuɗi mai nuna inda yake a allo yana nan yana tafiya, taswirar ce ba ta sauko ba. Maganinsa daban ne. Don haka ina tare da Malam, a bar GPS, amma a farkon shiri a fassara shi sau ɗaya: tsarin gano wuri ta tauraron ɗan'adam. Kada a ce tauraron Amurka, don wayoyin yanzu suna haɗawa da Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin.

Ɗan Kusugu:
Haba jama'a. Muna da kalmar tun kafin a haifi kakan wanda ya ƙera mota. MADUGU. Madugu uban tafiya. Shi ya san hanyar Gwanja, ya san zango, ya san inda ruwa yake, ayari na bin bayansa. Mi wannan abar ke yi in ba aikin madugu ba? “Kunna madugu.” “Madugu ya ce a yi dama.” Gaɓa uku, ba wanda zai tambayi ma'ana. Manhajar nuna hanya bayani ne, ba suna ba ne.

Mai Fassara:
Yaya, kalmar ta yi daɗin faɗi, amma ɗakin labarai ya riga mu. Shekara da shekaru ana cewa madugun 'yan adawa, madugun 'yan tawaye. Mai saurare a yau in ya ji madugu a rediyo can hankalinsa zai fara zuwa. Kuma in har ayari za mu bi, ai jagaba ne ke wucewa gaba ya duba hanya, madugu shugaban tafiyar ne.

Ɗan Kusugu:
To don 'yan jarida sun ɓata kalma sai mu bar masu ita? Mu ƙwato abinmu mana.

Direban Hanyar Daura:
Allah ya gafarta malam, ni ba ta wajen labarai nake kallonta ba. Madugu yana ɗaukar alhakin ayari. Ya san hanyar da ba a bi bayan la'asar. Wannan manhajar ba ta san haka ba, kuma a jihar nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da take aunawa tsawon hanya ne da gudun da ake yi a kanta. In ta ga wata hanyar burji za ta rage minti goma, za ta iya cewa a ratse ta daji, ba ta san kwalbatin wurin ya tafi da ruwan damina ba, ba ta san halin tsaro ba. Wannan labarin a tasha ake samunsa, wajen 'yan kamasho da direban da ya shigo yanzu. In muka ce mata madugu a rediyo, mun ce wa sabon direba ya miƙa mata wuya ke nan. Nuna hanya take yi, shi ke nan. A bar sunan ya tsaya inda aikinta ya tsaya.

Malamin Hausa:
Wannan hujjar ta ture jagora ma, da na so in kawo. Ga kuma ɗan jagora, wanda ke riƙe wa makaho sanda. Ba direban da zai so a kwatanta shi haka.

Ɗan Kusugu:
Naji. Amma ku dubi abin da kuka haɗa. Manhaja Larabci. Taswira Larabci. Data Turanci, sabis Turanci. Ina Hausar? Kullum haka ake yi, a zauna a Kano a yanke, a ce ita ce daidaitacciya, mu na Daura da Katsina da muka san asalin magana mu yi shiru. In ba mu raɗa wa abu suna da bakinmu ba, 'ya'yanmu za su tashi da rabin harshe.

Bakatsine:
Nan kam ina bayan Baba. Kowace sabuwar kalma sai an ce mu jira mu ji yadda gidajen rediyon waje suka faɗa. Su wa suka naɗa su?

Mai Fassara:
Ba wanda ya ambaci Kano a zaren nan sai ku. Malam ɗin da ya kawo manuniya ɗan cikin ganuwar Katsina ne. Kuma Yaya, mota da direba da birki da taya da kwana duk aro ne, ba wanda ya ce direban Daura rabin harshe gare shi. Littafi da alƙalami da lokaci ma daga Larabci suka zo. Kalmar da ta karɓi jam'inmu ta zauna a bakin tsohuwa ta zama tamu: taswira, taswirori.

Ɗan Kusugu:
Wancan aron kakanni ne, sun tauna shi kafin su haɗiye. Na yanzu haɗiyar ƙafino ake yi.

Mai Shirin Direbobi:
Don Allah iyayena, azahar ɗin gobe na matsowa. A taimaka mini da ta uku, don a kanta rabin shirin yake.

Injiniya KT:
To ga abin da kalmar za ta ɗauka. A Google Maps, a taɓa hoton mai wayar a kusurwar sama ta dama, a shiga inda aka rubuta Offline maps, a zaɓi yanki da kai. Akwati zai fito, a ja shi har ya rufe Katsina da Mashi da Daura, a sauke inda sabis ke da ƙarfi. Mai zuwa Kano ya sake wani akwatin da zai ɗauko Charanci da Kankiya da Bichi. Da wannan za ta ba da hanyar mota ta yi magana ba data, amma ba za ta nuna cunkoso ba, launin kore da ruwan lemo da ja duk sai da intanet, don daga gudun wayoyin da ke kan titin ake samo su. Taswirar kuma tana da wa'adi, sai ana sabunta ta.

Waze, wadda Google ya saya a 2013, ba a gina ta don aiki ba intanet ba. Ƙarfinta rahoton da direbobi ke turawa ne na haɗari da rami da shinge, saboda haka inda masu amfani da ita ba su da yawa, ba abin da za ta faɗa maka da wata ba ta faɗa ba. Organic Maps da OsmAnd kuwa daga OpenStreetMap suke ɗauko taswira, wadda 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004. Ana sauke yankin gaba ɗaya tun farko, kuma a nan ne ya kamata mai zuwa Jibiya ko Kwangwalam ya kula: kusa da iyaka waya kan kama layin Nijar, in ba a kashe data ba kuɗin yawo, wato cajin amfani da layin wata ƙasa, ya hau. Rauninsu wajen neman shago ko asibiti da suna ne, a nan Google Maps ta fi su.

Kalmar dai ta nuna abu ne da ake tanada KAFIN a tashi. Taswirar ajiye ba ta fito da wannan sosai ba.

Ɗan Kusugu:
Guzuri ke nan. Abin da matafiyi ke ɗaurewa a gida don ya san ba zai samu a hanya ba. Taswirar guzuri.

Malamin Hausa:
Ranka ya daɗe, wannan ta fi tawa. Na janye ajiye.

Direban Hanyar Daura:
Wannan za ta shiga tasha. “Ka yi guzurin taswira?” Har aikatau ta ba mu. Hajiya, ki ƙara musu abu uku da suka fi kalma muhimmanci. Rubutun sunayen garuruwa a taswirar ba irin namu ba ne: Jibia, Kankia, Charanchi, Mai'adua. Wanda ya rubuta Jibiya bai gani ba, ya gwada ɗayan kafin ya ce garin babu. Na biyu, lungunan cikin birni, wajen Gobarau da Ƙofar Soro, manhajar kan ɗauke su tituna, ta tura mota inda sai babur. Mai babur ya zaɓi alamar babur, Google ta sa ta a Najeriya tun 2019, mai mota kuma in lungu ya fara tsukewa ya tsaya ya tambaya. Na uku zafi. Waya a manne da gilashin gaba a watan Afrilu, allo a kunne, tana caji, za ta yi zafi ta rage haske ko ta daina karɓar caji. A maƙala ta a bakin iskar esi ko inda rana ba ta bugu, da caja mai amfiya 2 aƙalla, in ba haka ba batir na sauka ko tana jone.

Injiniya KT:
Ƙari kaɗan: mariƙin waya mai maganaɗisu yana rikita kamfas ɗin wayar, shi ya sa kibiyar ke kallon gabas mota na kallon arewa in ana tsaye. A cire ta a juya ta a iska kamar ana zana 8. Yanayin tattalin batir ma a wayoyin Android da yawa yana tsayar da GPS in allo ya mutu, a kashe shi lokacin tuƙi. Mita 300 da muryar ke faɗa kuma, ki ce musu tsawon filin ƙwallo uku.

Mai Fassara:
Saura ta huɗu. Sauya hanya ba ta nuna wa ya sauya ba, direba ko manhaja. Ni “ta sake lale” nake ji a baki.

Malamin Hausa:
Lale daga karta ta fito, wasu dattawan za su yi ƙorafi a rediyo. Sake lissafin hanya ta fi tsabta.

Ɗan Kusugu:
Ta sauya akala.

Injiniya KT:
Baba, sauya akala na nufin an bar inda aka nufa. Ita ba ta canza inda za ka, daga inda ka tsinci kanka take sake auno maka hanya zuwa wuri ɗaya. Wanda ya wuce kwana a shataletalen Ƙofar Ƙaura, gidan da ya nufa yana nan, hanyar ce ta canza.

Bakatsine:
A tasha dai “ta juya” kawai za a ce, ko me kuka rubuta.

Mai Shirin Direbobi:
Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan miƙa: manhajar nuna hanya a farkon ambato, daga nan manuniyar hanya, ba manuniya zalla ba, don muna amfani da ita a labarai da ma'anar alama. GPS yana nan, da bayanin Injiniya sau ɗaya. Taswirar guzuri. Ta huɗu zan rubuta sake lissafin hanya, baƙin shirin kuma su faɗi wadda ta zo bakinsu, mu ji wadda masu bugo waya za su maimaita.

Ɗan Kusugu:
Manuniyar hanya gaɓa shida ce, ba direban da zai faɗe ta yana tuƙi, za ku gani. Ni a motata madugu ce. Amma ki faɗi a shirin cewa guzuri daga Daura ta fito.

Mai Shirin Direbobi:
Zan faɗa, Baba. Malam, “ɗigon shuɗi” ko “shuɗin ɗigo”? Yana cikin sakin layi na biyu.

Malamin Hausa:
Shuɗin ɗigo.