Ciwon "ƙolon" da maganin kwantar da hankali: abin da aka tattauna a Jidda

A wani zaman hira na Hausawan Jidda, maganar ta karkata kan ciwon hanjin da Larabawa ke kira ƙolon asabi: kumburin ciki, murɗa, yau gudawa gobe taurin bayan gida, alhali gwaji bai nuna komai ba.

An fi daɗewa kan tanwim, wato gwani ya kwantar wa mutum da hankali sosai har kamar mai gyangyaɗi, sannan ya riƙa sa shi hasashen hanjinsa ya lafa. Wata hajiya ta ce ita tana tsoron ya zama tsibbu. Aka bayyana mata cewa mutum na cikin hayyacinsa, yana jin komai. Hanji da ƙwaƙwalwa ne ke aika wa juna saƙo ta jijiyoyi, shi ya sa damuwa ke tayar da ciwon. Likita Peter Whorwell na Mancesta a Ingila ya wallafa gwajin da ya yi kan tanwim tun 1984, kuma akan yi zama kamar 12, mako-mako. Ba kowa yake yi wa aiki ba.

Sai dai a fara ganin likita tukuna, musamman in akwai jini a bayan gida ko rama. Ful (dafaffen waken Larabawa) da albasa na safe kuwa, a rage, ko da yake nan aka fi gardama.