Musayar Waƙa: Tom Finney, Ɗan Ƙwallo Mai Gyaran Famfo na Preston

Ɗan Gefe:
Ku ba ni fili in yabi Finney,
Preston ce gida, bai sauya ba.
Daga 1946 har 1960
Riga ɗaya, bai cire ta ba.
Wasa 76 ya yi wa Ingila, ƙwallo 30,
Kuma kati bai taɓa gani ba.

Kawu Na Blackpool:
Yaro, kati sai a 1970,
Kafin nan suna ake rubutawa, ka yarda.
Wembley, ƙarshen kofin FA, 1954, West Brom
Da 3-2 ta kora shi gida.
Stanley Matthews namu a 1953,
Bolton na 3-1, ya zo ya tada
Ƙura ta gefen dama,
Aka tashi 4-3, kofi ya zo gida.

Ɗan Gefe:
Kawu, ƙwallo uku na ranar
Mortensen ne ya zuba a raga.
Naka dai ya tsaya gaban ɗan baya,
Kafaɗa hagu, ya fice dama, ya ɗaga.
Nawa bahago ne a gefen dama,
Ya yanko ciki, ƙafar bugu na kallon raga.
Hagu ya buga, lamba 9 ya buga,
Wannan wurin naka bai leƙa ko ta taga.

Malam Mai Awo: Ɗan Gefe, amsa-amon "ba" ko ɗan firamare ya iya. Ɗangonka na uku kuma ya fi na biyu tsawo fiye da ninki.

Ɗan Gefe: Malam, ka auna min 1946 da karin Mutadarak mu gani. Kawu ya maimaita "gida" sau biyu, ka yi shiru.

Malam Mai Awo: Kai ma ka maimaita "raga".

Ɗan Zango: Kawu, bakinka ya sha zuma! A 1957 Matthews ya zo Accra, ya saka rigar Hearts of Oak, aka naɗa shi Soccerhene, wato sarkin ƙwallo. Wa ya naɗa mai famfo?

Yaya Mai Lissafi:
Kun bar jaki kuna dukan taiki,
Famfon nan doka ce ta jawo.
Albashi an yi masa iyaka,
Fam 20 a mako har 1961 ta zagayo.
Palermo ta Italiya a 1952 ta zo da fam 10,000,
Preston ta ce babu mai sayo.
Rajista na hannun kulob,
Ko kwangila ta ƙare ba ka da katabus, ƙanina, ka jiyo.

Kawu Na Blackpool: (bayan kwana biyu)
Naku gwiwa da matsematsi suka gaji,
Ya sauka yana shekara 38, Preston ta faɗi a 1961.
Namu na sa dalma a takalmin tafiya,
Na fili ya ji shi sakayau, har 50 yana nan.

Malam Mai Awo: Kawu, "1961" da "nan" ne amsa-amon? Da wane harshe za a karanta shi?