Un-, in-, dis-: yaya ake gane wanda ya dace da kalma?

Ɗalibi daga Jahun:
Assalamu alaikum malamai. NECO na ƙaratowa, kuma wajen da ake neman kishiyar kalma ne ke kayar da mu. An koya mana cewa in aka sa un- ko in- a goshin kalma sai ma'anarta ta juya. To me ya sa ake cewa unhappy amma ba a cewa unpossible? Sannan a bayan tankokin mai da ke wucewa ta garinmu akwai rubutun "highly inflammable". Ke nan man ba ya kama wuta? Allah ya saka da alheri.

Malamin Turanci daga Ringim:
Wa'alaikumus salam ɗana. Bari mu fara da tankar, tunda ita ce ke iya cin rai. Inflammable da flammable ma'anarsu ɗaya: abin da ke saurin kama wuta. Wannan in- ɗin ba ta kore ba ce (wato mai juya ma'anar kalma), wata ce daban mai nufin "cikin", irin ta income, inject da include. Abin da ba ya kama wuta shi ne non-flammable.

Sai batun unpossible. Ɗafa-goshin un- ɗan gida ne a Turanci, shi ya sa ya fi zama da kalmomin gida irin su kind, wise da happy. In- kuwa daga Latin ya fito, ya shigo tare da kalmominsa, da yawa ta hanyar Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Kuma in- na canza kama gwargwadon harafin da ya tarar. Gaban b, m da p sai ya koma im-: imbalance, immature, impossible. Gaban l ya koma il-: illegal, illiterate. Gaban r ya koma ir-: irregular, irresponsible. Naso ke nan, kuma ba baƙonmu ba ne. Rubuta "gidan Bala" ka karanta da ƙarfi, za ka ji bakinka ya ce "gidam Bala", domin leɓɓa sun riga sun haɗu suna jiran b. Abin da ya mai da in-possible ya zama impossible ke nan. Bambancin kawai su sun sa nason a rubutu, mu mun bar shi a baki.

Malama daga Dambatta:
Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Sai dai in ƙara gargaɗi ɗaya, don a nan ɗalibai ke faɗawa rami. Da zarar sun haddace "r na ɗaukar ir-", sai ka ga irreliable a takarda. Dokar nason ta in- ce kaɗai. Un- ba ruwansa da harafin da ke gabansa: unreliable, unripe, unlucky, unpopular, unmarried. Ba harafin farko ke zaɓar maka tsakanin un- da in- ba.

Asalin kalmar ma ba kullum yake fitar da kai ba. Akwai waɗanda sifarsu ke ɗaukar un-, sunansu kuma ya ɗauki in-: unable amma inability, unjust amma injustice, unequal amma inequality, unstable amma instability. Waɗannan huɗun haddace su ake yi, babu wata dabara.

A rubutu kuwa lissafi ne, kada ka cire harafi, kada ka ƙara. Dis da appear, disappear, s ɗaya. Dis da satisfied, dissatisfied, s biyu, domin kowane ɓangare ya zo da tasa. Haka unnecessary da n biyu, misspell da s biyu. Mai rubuta dissappoint bai raba kalmar gida biyu ba ne kafin ya sa biro.

Malami mai ritaya daga Gumel:
Ni inda na fi so a tsaya shi ne ma'ana, don ba duka ne ke nufin "marar kaza" ba. Ɗauki injin ban ruwa. In aka ce unused, sabo ne dal a kwalinsa, ba a taɓa tada shi ba. In disused ne, ya yi aiki a da, yanzu an jingine shi a zaure yana tsatsa. In kuwa misused ne, an yi aiki da shi amma ba yadda ya kamata ba, kamar a bar shi yana gudu babu baƙin mai. Saboda haka mis- kuskure yake nunawa: wanda ya yi misunderstand ya ji maganar, bai-bai ya fahimce ta.

Un- a kan aikatau kuma warware aiki yake yi. Tie ɗaurewa, untie kwancewa. Lock kullewa, unlock buɗewa. Akuyar da aka yi wa untie sai da aka fara ɗaure ta.

Tarkunan da masu saita tambaya ke so: invaluable ba marar daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi, kishiyarsa worthless. Infamous ba wanda ba a sani ba ne, sananne ne, amma da mugun hali. Uninterested shi ne wanda abin bai dame shi ba, disinterested kuwa wanda ba shi da wata riba a ciki, irin dattijon da ake kira ya raba rigimar iyakar gona.

Ɗalibi daga Jahun:
Na gode ƙwarai. To in na tarar da kalmar da ban sani ba a ɗakin jarrabawa fa?

Malama daga Dambatta:
Rufe ɗafa-goshin da yatsa ka ga abin da ya rage. In kalma ce da ka sani, kamar complete a incomplete, gwada ma'anar koren a cikin jimlar ka ji ko ta zauna. In abin da ya rage ba kalma ba ce, kamar ject a inject, to sau da yawa ba kore ba ne. Invaluable da infamous za su tsallake wannan gwajin, shi ya sa nake cewa a karanta jimlar har ƙarshe. Kafin ranar kuma ka ware shafi biyu a bayan littafinka, un- a hagu, in- da rassansa a dama, duk kalmar da ka tsinta a tsofaffin takardun jarrabawa ka duba ƙamus ka ajiye ta a gefenta, tare da jimlar da ka same ta a ciki.