An sa min ranar tiyatar rage tumbi, yaushe zan iya hawa jirgi in koma gida?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan dogon tunani da gwaje-gwaje, likita ya tsayar min da ranar aiki. Irin tiyatar nan ce da ake yanke mafi yawan tumbi a bar siririn sashe, wadda suke ce wa sliv. Asibitin yana da nisa da inda nake zaune, don haka komawa gida sai da jirgi, tafiyar kusan awa bakwai, da sauka a canza jirgi a tsakani, sannan in shiga mota.

Abin da ya hana ni barci shi ne tikitin dawowa. Matar da ke shirya wa marasa lafiya tafiya a asibitin ta ce kwana biyar bayan aiki ya isa, wai kowa haka yake yi. Maigidana ya ce sam, in sayi na sati biyu. Ni kuma hankalina yana kan yara. Ina da ciwon suga, ina kan insulin, kuma da na'urar CPAP nake kwana saboda numfashina yana sarƙewa cikin barci.

Don Allah wadda aka yi wa ta faɗa min gaskiya. Yaya jiki yake a satin farko? Wace kujera zan zaɓa? Me zan sha a hanya, tun da an ce abinci ya haramta gare ni na ɗan lokaci?

Yaya Mai Haƙuri ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa a yi a sa'a. An yi min irin naki, kuma ni ma da jirgi na koma, don haka bari in gaya miki abin da jikina ya gaya min.

Maigidanki ya fi waccan matar gaskiya. Ita lissafin gadon asibiti da ɗakin otal take yi, ke kuma cikinki za a ɗinke. In son samu ne ki sayi tikitin da ake iya canza masa rana, ki bar likitan da ya yi aikin ya sa bakinsa bayan ya duba ki. Ranar da za ki tashi ba a kalanda take ba, a jikinki take: kina iya shan ruwa ya zauna ba amai, kina zagaya baranda da ƙafarki ba jiri, ba zazzaɓi, kuma farasitamol kaɗai yana kwantar miki da ciwo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ciwon kafaɗa. Na farka ina jiran ciki ya dame ni, sai ga kafaɗa tana sara kamar ita aka yanka. Dalili shi ne ba buɗe ciki ake yi ba, 'yan huda ake yi guda huɗu ko biyar, a hura iskar kabon dayoksaid ciki ya kumbura likita ya samu wurin gani. Ragowar iskar tana taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, jijiyarsa kuma ta kai saƙon ciwon kafaɗa. Maganinsa tafiya, ba kwanciya ba. Tun ranar aiki ma'aikatan jinya za su tayar da ke, za ki ji haushinsu, amma ki tashi.

Wannan iskar tana cikin dalilan da suka sa ba a gaggawar hawa jirgi. Matsin iska a cikin jirgi daidai yake da na wuri mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma duk iskar da ke maƙale a jiki tana iya ƙara girma da kusan kashi 30 cikin ɗari. In kin taɓa lura da robar ruwan da aka rufe a ƙasa, yadda take cika tam in jirgi ya yi sama, to haka cikinki zai so ya yi, ga shi kuma da sabon ɗinki.

Batun sha kuwa, shi ne aikinki na kullum a satin nan, ba wasa. Tumbin da zai rage miki ba ya ɗaukar fiye da mililita 100 zuwa 150, a farkon kwanakin ma bai kai haka ba saboda kumburi. Amma ana so ki sha lita ɗaya da rabi a wuni. Ki yi lissafi ki gani: ba yadda za a yi sai da kurɓa kaɗan-kaɗan daga safe har dare. Ni da ɗan kofin awon magani mai mililita 30 nake yawo, kowane kwata na awa in shanye ɗaya. A jirgi na sa ƙararrawar waya a kan girgiza don kada barci ya ɗauke ni in manta. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, kuma ke ba ki da damar da sauran fasinjoji ke da ita ta ɗaga kwalba su kwankwaɗa in ƙishi ya taso. In kika bari ƙishi ya riga ki, ba za ki kamo shi ba a wannan ranar.

Ki shiga da robar ruwa babu komai a ciki, ki cika bayan an gama bincike. Garin furotin na 'yan ƙananan leda ya fi wanda aka riga aka dama sauƙin wucewa, saboda dokar nan ta hana shiga da abu mai ruwa a robar da ta wuce mililita 100 cikin jakar hannu, da yawancin filayen jirgi ke bi. Duk abin da ke da gas ki manta da shi, haka zuƙa da tsinken roba, yana tura iska ciki. In mai rabon abinci ta zo, ki ce mata ruwan ɗumi kawai. Ni ƙamshin abincin ma tayar min da zuciya ya yi, wanda a da ban taɓa sanin yana da wari ba.

Kujera: ta bakin hanya, kusa da banɗaki. Taga tana da daɗin kallo, amma za ki riƙa tashi kowace awa, kuma ba ki son ki riƙa tsallake gwiwoyin mutane biyu ciki a ɗinke. Ki sa kaya sakakku marasa roba a ƙugu. Ki riƙe ƙaramin matashi, ki ɗaura bel a ƙasan mara a kan ƙashin ƙugu, matashin kuma ki danna shi a ciki in tari ko atishawa ta zo, ko lokacin da tayoyi za su taɓa ƙasa. In bel bai kai ba, ki nemi ƙari tun a bakin ƙofa, suna da shi, ba abin kunya ba ne.

Sista Mai Aikin Dare ta amsa:

Hajiya, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin marasa lafiya na tiyata. Yaya Mai Haƙuri ta yi miki bayanin jin daɗin tafiya yadda ya kamata. Ni abin da nake tsoro zan faɗa, don shi ya kamata ya yanke ranar tikiti.

Na farko gudan jini. Ƙiba, sabuwar tiyata, rashin ruwa a jiki da dogon zama, kowanne shi kaɗai yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ke kuma za ki haɗa su duka a kujera ɗaya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna haɗarin yana ninkawa in tafiya ta kai awa huɗu a zaune, a jirgi ne ko a mota. Kuma yawancin gudan jinin da ke biyo bayan irin wannan aiki, bayan an sallami mutum yake bayyana, ba yana kan gadon asibiti ba. Ki tambayi likitanki ƙarara: zai ba ki allurar tsinka jini irin su Clexane ki tafi da ita, kuma har kwana nawa? Ki sa safar matse ƙafa wadda aka auna miki, kada ki bari ta naɗe a ƙasan gwiwa. In kina zaune ki riƙa juya idon sawu kina ɗaga dunduniya. Sharaɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya soke ki in kin ja iska, wannan na gaggawa ne, ko a sama kike ki faɗa wa ma'aikatan jirgi.

Na biyu yoyon ɗinki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in zai zo, galibi cikin makonni biyun farko ne, kuma alamarsa ta farko sau da yawa ba ciwon ciki ba ce, bugun zuciya ne. Ki koyi ƙirga naki. In kina hutawa ya kai 120 a minti ya ƙi sauka, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko ciwon kafaɗar hagu ya dawo da ƙarfi bayan ya lafa, kada ki hau jirgin nan ko da kin riga kin ba da kaya. A nan zan ɗan ja hankali kan maganar Yaya: ciwon kafaɗa na iska kullum raguwa yake yi. Wanda ke ƙaruwa wani abu ne daban.

Game da kwana biyar, na san inda irin wannan lissafi ke fitowa. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta Birtaniya ta ce kwana ɗaya zuwa biyu bayan ƙaramin aikin huda, huɗu zuwa biyar bayan aikin ciki mai sauƙi, goma bayan babban aikin ciki. Mutane suna ganin 'yan hudan nan a fata sai su ɗauka ƙaramin aiki ne. A ciki an cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi an bi shi da dogon layin ƙusoshin ɗinki. Da ciwon suga da CPAP, ni a layin kwana goma zuwa sama zan sa ki.

Magunguna: ibufurofen da diklofenak da danginsu kada su shiga bakinki, suna cinye tumbi su kawo gyambo a kan ɗinki. Omefrazol, maganin rage tsamin ciki da za a ba ki, ki sha shi ko ba kya jin komai. In amai ya ƙi tsayawa, kada ki ce sai kin isa gida, ban da bushewar jiki yana ƙarar da bitamin B1, kuma rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Kada ki bar asibitin ba tare da takardar sallama mai bayanin aikin da aka yi ba, da jerin magunguna, da takardar shaidar kin isa hawa jirgi, da lambar da za a samu likitan ko da tsakar dare. Tun kafin ki tafi ki san likitan da zai karɓe ki a gida.

Baban Yara ya amsa:

Hajiya barka da ƙoƙari. Ni rakiya na yi wa uwargida, baifas aka yi mata, ita ma wata irin tiyatar rage ƙiba ce. Abu ɗaya zan ƙara: ki nemi keken marasa lafiya daga kamfanin jirgi, aƙalla awa 48 kafin tashi, a duk filayen da za ki bi har da na tsakiya. Ita da farko ta ƙi, wai ai tafiya aka ce ta riƙa yi. Tafiya a baranda kina hutawa daban, tsayuwar layi da sauri zuwa ƙofa mai nisa daban. In an kai ki bakin ƙofa sai ki sauka ki yi zagayenki a nutse.

Jaka kuwa kada ki ɗaga ta sama ko ki fizgo ta daga bel ɗin kaya. An ce mana kada ta ɗauki abin da ya wuce kilo biyar har sati huɗu zuwa shida, don kada hudar ta buɗe ta ciki ta zama ƙaba. Wannan ya haɗa da yara in sun rugo tarbarki, ki zauna su hau kusa da ke. A mota kada ki yi tuƙi, kuma ku riƙa tsayawa kowace awa ki taka. In da hali kada ki yi tafiyar nan ke kaɗai.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maigida yana ta murmushi tun da na karanta masa. Mun canza zuwa tikitin sati biyu mai sauyin rana, ƙanwata za ta raka ni. Sista, saura abu biyu: za su bar ni in shiga da allurai a jakar hannu? Insulin ɗin kuma fa, in ci gaba da yadda na saba?

Sista Mai Aikin Dare ta amsa:

Za su bari. Ki bar su cikin kwalinsu na asali, takardar likita a kusa, ki faɗa wa masu bincike tun kafin jakar ta shiga na'ura. Insulin kada ya shiga babban akwati, sanyin ƙasan jirgi yana iya daskarar da shi ya lalace. CPAP ma a hannu, kamfanoni da yawa ba sa ƙirga ta cikin kayan hannu, amma ki kira naki ki tabbatar.

Yadda kika saba kuwa, a'a. Daga ranar aiki abin da ke shiga cikinki zai ragu sosai, kuma sugan mutane da yawa yana sauka tun kafin su rage kilo ɗaya. In kika ci gaba da tsohon awo zai iya faɗuwa kina sama. Likita ya rubuta miki sabon awo kafin sallama, har da abin da za ki yi in agogon inda za ki sauka ya bambanta. Na'urar gwaji ta zauna a aljihun kujerar gabanki, ki gwada kafin tashi da wurin canza jirgi da duk lokacin da kika ji rawar jiki ko gumi. Ki riƙe ƙwayoyin gulukos na tsotsa, ki nuna wa ƙanwarki inda suke da yadda ake gwajin. In kina shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, shi ma ki sa a duba shi a zama ɗaya.